Yadda ake kafa sabuwar wufa a falo, a kuma daidaita sautinta

Sau da yawa mutum zai tara kuɗi ya sayo wufa, ya kawo ta gida, ya ajiye ta duk inda ya ga fili kusa da talabijin, ya murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe. Tagogi su yi ta kaɗawa, maganar 'yan fim ta nutse, sannan idan ya koma kujerarsa ya zauna sai ya ji kaurin sautin ya gudu, alhali wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana cewa ƙirjinsa na rawa. Daga nan sai zargi ya koma kan mai shago. Galibi ba a cuce shi ba. Inda aka ajiye akwatin da inda mai sauraro ya zauna su ne suka fi kowane maɓalli tasiri, shi ya sa a nan za mu fi daɗewa a kansu.

Aikin wufa shi ne fitar da sauti mai kauri, wanda masu kayan sauti ke kira bes: rugugin aradu, fashewar bam a fim, dukan babbar ganga. Ana auna kaurin sauti da Hz, wato yawan kaɗawar iska a cikin sakan ɗaya, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon kaurin sautin. Kunnen ɗan Adam yana fara ji daga wajen 20 Hz, wufa kuwa tana aiki daga nan zuwa wajen 120 Hz. Idan ka ga an rubuta 5.1 a jikin na'ura, biyar ɗin lasifikoki ne, ɗigo ɗayan nan kuma layin wufa ne, wanda ake kira LFE. Bayanin da ke tafe na wufa mai amfilifaya a cikinta ne, wadda ake haɗawa da risibar sauti, wato na'urar da ke rarraba sauti ga lasifikoki, irin su Denon, Yamaha, Marantz, Onkyo ko Sony.

Kafin ka jona wuta

Juya bayan akwatin ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 zuwa 240 ne, a kan 50 Hz. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka kuwa 120 suke ci. Idan ta hannu ka saya, ko wani ɗan'uwa ya aiko maka daga can, kuma ka ga 120V kaɗai a rubuce, kada ka kuskura ka jona ta kai tsaye, sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce abin da wufar ke ja. Wasu suna da ɗan makunni a baya mai zaɓi tsakanin 115 da 230, sai ka tabbatar yana kan 230. Na taɓa ganin wadda aka ƙona tun ranar da aka buɗe kwalinta, ko sauti ɗaya ba ta fitar ba, sai hayaƙi.

Da yake wutarmu tana hawa da sauka, sa sitabilaiza a tsakani. Idan da inbata kake aiki, mai fitar da wuta tsabtatacciya ita ce ta dace, domin masu arha kan sa amfilifaya ta riƙa gurnani.

Haɗa waya da saita maɓallan baya

A kashe komai tukuna. Waya ɗaya ake buƙata, mai kai irin na RCA, wato zagayayyen kan nan mai tsinke ɗaya a tsakiya. Ɗaya kan ya shiga ramin da aka rubuta "Sub Out" ko "Subwoofer Pre Out" a bayan risiba, ɗayan kuma ya shiga ramin "LFE" a bayan wufa. Idan babu LFE, sai ramuka biyu ja da fari, sa a farin, ko wanda takardar na'urar ta nuna. Sayi waya mai tsawo, kamar mita biyar zuwa takwas, domin za ka yi yawo da ita a ɗaki. Ba sai mai tsada ba, mai kauri da kai mai kamawa da kyau ta isa.

Yawancin wufofi suna da maɓalli uku a baya. Na ƙara, wanda ake rubuta wa "Gain" ko "Volume", ka ajiye shi ƙasa da rabi kaɗan, kamar inda hannun agogo ke nuna ƙarfe goma ko sha ɗaya. Na biyu, "Crossover" ko "Low Pass", mai tace sauti don mai kaurin kaɗai ya fita ta wufa, ka murɗa shi har ƙarshe wajen lamba mafi girma, ko ka sa shi a kan LFE idan akwai, saboda risiba ce za ta yi wannan aikin, kuma idan su biyun suka tace sauti a lokaci guda sai a sami giɓi. Na uku, "Phase", ka bar shi a kan 0.

Neman mazaunin wufa

Nan ne aikin yake. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya, don haka igiyar sauti mai 40 Hz tsawonta ya kai mita takwas da rabi, ya fi yawancin falukanmu tsawo. Igiyar takan bugi bango ta dawo ta haɗu da mai tahowa. A wani wuri su haɗa ƙarfi sauti ya kumbura, a wani wurin su kashe juna sauti ya ɓace. Kana iya lissafa inda ɗakinka ya fi yin wannan: raba 343 da ninkin tsawon ɗakin. Falo mai mita biyar zai ba ka kusan 34 Hz, mai mita huɗu kusan 43 Hz. Wannan sautin yakan yi ƙarfi sosai a jikin bango, ya kusan mutuwa a tsakiyar ɗaki cif.

Abin ya fi tsanani a gidajenmu. Bangon bulo da siminti ba ya shanye kaurin sauti, mayar da shi yake yi kusan gaba ɗaya, ga tayil a ƙasa, ga kujeru da muka saba jerawa jingine da bango. Wanda ya zauna kansa na taɓa bango zai ji bes ya yi masa yawa, ya zama gunji mara fasali. Idan da hali, janyo kujerar da aka fi zama a kai gaba kaɗan, ko da rabin mita ne, amma kada ta kai tsakiyar ɗakin. Kuma a sani, idan wuri ya zama ramin da sauti ke mutuwa, ƙara murya ba ya magani, domin igiyar da ke dawowa ita ma ƙaruwa take yi daidai gwargwado. Sai dai a matsar da akwatin ko a matsar da kujerar.

Dabarar da masu wannan harka suka daɗe suna amfani da ita ita ce rarrafe. Ga yadda ake yi:

1. Ɗauki wufar ka ɗora ta a kan kujerar da kake zama, a sami mai taya ka idan tana da nauyi. Gwargwadon yadda ta kusanci tsayin kunnenka a zaune, gwargwadon ingancin gwajin.
2. Kunna kiɗa mai bes da ke hawa da sauka, wanda ka sani sosai, ka sa shi ya riƙa maimaita kansa. Kiɗan da kaurinsa sauti ɗaya ne tak ba zai nuna maka komai ba.
3. Durƙusa ka sa kanka daidai tsayin da wufar za ta kasance a ƙasa, ka bi gefen bango a hankali: gefen talabijin dama da hagu, kusurwoyin gaba, tsakiyar bangon gefe, har bayan kujera.
4. Duk inda ka ji sautin ya fito tsaf, kowane bugu a rarrabe, babu wanda ya danne wani, sa alama da salatif. Ba inda ya fi ƙara ake nema ba, inda ya fi daidaito ake nema.
5. Mayar da wufar kan alamar da ta fi, ka koma kujerarka ka saurara. Gwada alama ta biyu ma, ka kwatanta.

Hikimar ita ce hanyar sauti tsakanin wurare biyu iri ɗaya ce ko ta ina aka faro, don haka abin da ka ji a ƙasa lokacin da wufa ke kan kujera, shi za ka ji a kujera idan wufa ta koma can. Yaran gida za su yi maka dariya, maiɗakinka ma ƙila ta leƙo ta tambaya ko wani abu ne ya faɗi, amma minti ashirin na rarrafe sun fi sauya wufa da wadda ta ninka ta kuɗi.

Kusurwa tana ƙara wa wufa ƙarfi, saboda bango biyu da ƙasa suna taya ta turo sauti. Ga ƙaramar wufa a babban falo wannan riba ce. Ga babba a ƙaramin ɗaki kuwa sau da yawa gunji take jawowa. Idan wufar mai rami ce, wato tana da bututun iska a baya ko a gefe, bar mata aƙalla taƙi ɗaya tsakaninta da bango. Kada a cusa ta cikin kabad ko a rufe ta da labule don kwalliya, domin amfilifayar cikinta na buƙatar iska, balle a zafin watan Afrilu.

Wanda nasa sandar sauti ce, wato soundbar, mai wufa mara waya, ko irin saitin nan da ake sayarwa a kwali ɗaya, shi ma rarrafen zai amfane shi. Sai dai ya tsaya a ɓangaren gaba, kusa da talabijin, domin ƙananan lasifikokin irin waɗannan saiti kan bar wa wufa sauti mai ɗan sama, wanda kunne ke iya gane inda yake fitowa. Idan aka kai ta baya, sai a ji muryar namiji rabi a gaba rabi a baya.

Raba aiki a cikin risiba

Shiga saitin lasifikoki a risiba. Tabbatar an nuna cewa akwai wufa. Sannan kowace lasifika ka sa ta a kan "Small", ko da doguwa ce mai tsayin yaro. Wannan kalma tana ruɗar mutane, suna ganin raini ne ga lasifikar da suka kashe wa kuɗi. Ba girman akwati take nufi ba. Ma'anarta kawai a ɗauke wa lasifikar kaurin sauti a miƙa wa wufa. Idan ka sa "Large", risiba za ta tura mata komai, ta yi ta fama da abin da ba ta iya fitarwa da kyau, wufa kuma ta zauna jiran layin LFE kaɗai.

Sai iyakar rabon aiki, wato "Crossover". Ma'aunin da kamfanin THX ya kafa, wanda kusan kowa ke bi, shi ne 80 Hz, domin ƙasa da nan kunne ba ya saurin gane daga ina sauti ke zuwa. Fara da shi. Idan lasifikokinka ƙanana ne kamar gwangwanin madara, ɗaga zuwa 100 ko 120. Manya na tsaye suna iya sauka 60, ko da yake ni 80 ɗin na fi so ko a kansu, don amfilifayar risiba ta sami sauƙi. Akwai wani saiti dabam mai suna "LPF for LFE", shi ka bar shi a 120 Hz, iyakar layin ke nan. Idan ka ga "LFE+Main" ko "Double Bass", kashe shi.

Awo da makirfo

Yawancin risibobi suna zuwa da ɗan makirfo na awo. Denon da Marantz suna amfani da tsarin awo mai suna Audyssey, Yamaha tana da YPAO, Pioneer tana da MCACC, Onkyo kuma AccuEQ, wasu manya suna zuwa da Dirac Live. Duk aikinsu ɗaya ne: su fitar da sauti daga kowace lasifika, su saurara, su auna nisa da ƙarfi, su gyara abin da ɗaki ya ɓata.

Ɗora makirfon a kan ƙafar kyamara ko wani abu siriri mai tsayawa, bakinsa na kallon sama, daidai tsayin kunnenka a zaune. Kada ka riƙe shi a hannu, kada kuma ka ajiye shi kan matashin kujera. Ɗakin ya yi tsit: kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a rufe ƙofa da taga. Idan janareta na ruri a bayan taga, naka ko na maƙwabci, haƙura sai an kawo wuta, domin ƙugin janareta yana cikin sautin da ake son aunawa, kuma makirfo ba ya bambance su. Kujeru da labule da kafet su kasance yadda suke kullum.

Awon farko a kujerarka za a yi shi, shi ne tushen lissafin nisa. Sauran kuma a kewayenta, kada su wuce kamar rabin mita daga wurin farko. Yi dukkan awon da na'urar ta nema, a wasu nau'o'in Audyssey har takwas ne. Idan tun farko ta ce wufa ta yi ƙara da yawa, rage maɓallin baya har allon ya nuna kusan 75 dB, dB kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. Kai kuma ka matsa gefe, kada ka tsaya tsakanin lasifika da makirfo.

Duba abin da na'ura ta yanke

Kada ka amince da sakamakon ido rufe. Abu uku za ka duba.

Na farko, sau da yawa za ka tarar ta mayar da lasifikokin gaba "Large". Mayar da su "Small". Idan ta sa iyakar rabo a 40 ko 60, kana iya ɗagawa zuwa 80. Amma idan ta sa 120, kada ka sauke ƙasa da haka, domin ta auna ta ga lasifikar ba ta iya sauka.

Na biyu, matakin ƙarfin wufa. A risibobin Denon da Marantz yana tsakanin -12 da +12 dB. Idan ka ga -12 cif, wufar ta yi ƙara fiye da abin da risiba ke iya ragewa, sai ka rage maɓallin baya ka sake awo. Idan ya haura sama da sifili sosai, ƙara maɓallin kaɗan ka sake. Wajen -5 wuri ne mai kyau, yana bar maka sararin ƙarawa daga baya.

Na uku, nisa. Za ka ga ta ce wufa tana mita biyar alhali da tef ka auna mita uku da rabi. Kada ka gyara. Na'urorin cikin wufa suna ɗan jinkirta sauti, kuma jinkirin kashi ɗaya cikin dubu na sakan daidai yake da nisan kusan santimita 34. Risiba ta haɗa wannan a lissafi ne don sautin wufa da na lasifikoki su iso kunnenka tare.

Idan babu makirfo

Auna nisan kowace lasifika zuwa kujerarka da tef ka shigar da hannu. Kunna sautin gwaji na cikin risiba, mai kama da shuuu. Idan kana da na'urar auna ƙara, sa ta a kan C da "Slow", ka daidaita kowace lasifika ta nuna 75 dB, har da wufa, wadda alƙalumanta za su riƙa rawa, sai ka ɗauki tsaka-tsaki. Manhajar waya tana taimakawa wajen daidaita lasifikoki da junansu, amma makirfon waya ba abin dogaro ba ne a sauti mai kauri, don haka wufar sai ka ƙarasa da kunne.

Sannan maɓallin "Phase". Zauna a kujerarka, ka kunna sauti mai 80 Hz ko kiɗa mai bes, wani ya tsaya bayan wufa yana sauyawa tsakanin 0 da 180. Wanda ya fi cika da ƙarfi a inda kake, shi ne daidai, domin yana nufin wufa da lasifikokin gaba suna tura iska tare, ba ɗaya na turawa ɗaya na ja ba. Wanda ke son zurfafawa, akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna REW, ana haɗa ta da makirfo irin UMIK-1, ta zana maka tudu da kwarin sautin ɗakinka ƙarara.

Gyaran ƙarshe da kunne

Bayan awo kusan kowa yakan ce bes ya yi kaɗan. Dalili biyu ne. Kunne ya saba da gunjin da ake ji a shagunan kaset da wajen biki, kuma awon an yi shi ne don ƙarar gidan sinima, alhali a gida ba ma kaiwa nan, kunne kuwa yana rasa kaurin sauti idan murya ta yi ƙasa, abin da masu bincike Fletcher da Munson suka auna tun 1933. Ba wa kunnenka kwana uku zuwa mako guda. Idan har yanzu bai ishe ka ba, ƙara 2 ko 3 dB daga cikin risiba, ba daga maɓallin bayan wufa ba, don ka san adadin da ka ƙara, ka kuma iya komawa. Masu Audyssey suna iya kunna "Dynamic EQ", wanda ke cike wannan giɓi idan an rage murya.

Gwada da labarai ko fim mai yawan magana. Idan muryar mai karanta labarai ta yi kauri kamar yana magana cikin randa, wufa ta yi yawa ko iyakar rabo ta yi sama. Idan ka rufe ido kana iya nuna inda akwatin yake, haka nan ne.

Saura ƙararrakin da ba na fim ba. Kunna sauti mai kauri ka zagaya ɗakin: gilashin taga na alminiyam, firam ɗin hoto, kwanukan cikin kabad, silin, ƙofar ƙarfe. Duk abin da ke kaɗawa a ɗaure shi ko a cusa masa ɗan soso ko roba. Idan wufar kanta tana rawa a kan tayil, shimfiɗa mata roba mai kauri ko guntun kafet, wanda kuma zai ɗan rage abin da ke ratsawa zuwa na ƙasa idan a bene kake. Kaurin sauti yana ratsa bango fiye da kowane sauti, don haka da dare, ko lokacin salla idan masallaci na kusa, rage wufar ko ka kunna saitin dare na risiba.

Idan kuwa kana jin gurnani mara yankewa ko ba a kunna komai ba, zare wayar RCA daga bayan wufa. In gurnanin ya ci gaba, matsalar daga wutar ce ko amfilifayar wufar, sai a kai wa mai gyara. In ya tsaya, to bambancin layin ƙasa ne, wato earth, tsakanin na'urori. Jona wufa da risiba da talabijin a soket ɗaya, ka raba wayar sauti da wayoyin wuta. Bai daina ba, zare wayar dish daga dikoda ka saurara, domin sau da yawa ita ce mai laifin, kuma akwai ɗan abin da ake sawa a kan wayar ya raba layin. Kada a karya ƙafar filogi ta uku don kashe gurnani, ita ce ke kare mutum daga jan wuta.

Da ka gama, ɗauki hoton maɓallan baya da na allon saitin risiba ka adana a waya, ka kuma sa ɗan ɗigon fenti ko salatif a inda kowane maɓalli ya tsaya da inda ƙafafun akwatin suke a ƙasa, saboda ranar da aka share ɗaki ko yara suka yi wasa da maɓallan. Duk lokacin da aka sauya wa kujeru wuri ko aka shimfiɗa sabon kafet, sai a fito da makirfo a sake awo.